Hannun da Duna Ya Ciza

Assalamu alaikum. Da yawanku kun sha tambayata a nan me ya sa duk hoton da aka ɗauke ni hannuna na dama yana cikin mayafi. Shekaru ina kauce wa amsa. Yau zan faɗa.

Ranar sunan ɗan maƙwabciyata ce, a Kajiji, zamanin mulkin farar hula na biyu, lokacin da ko sabulu sai an yi layi. Ina amarya, an kawo ni daga Dingyaɗi, maigidana malamin firamare. Ba ni da aiki sai girki da karatun 'yan littattafan soyayya da yake sayo mini in ya shiga Sakkwato. Na ɗauka yadda yake a littafi haka yake a duniya, wanda ke son ka ba zai cuce ka ba.

Muna da kare, Duna. Saboda ɓarayin awaki Malam ya karɓo shi yana kwikwiyo, aka ɗaure shi bayan rumbu, can ya girma. Duk wanda ya leƙa sai ya kaɗa masa bindi, ya yi ta tsalle. Nakan kore shi don kada yawunsa ya taɓa mini zane, amma ni ke ajiye masa ƙanzo.

Wani abokin Malam, ma'aikacin dabbobi, ya taɓa ce masa, "Wanga kare naku son mutane shikai, amma bai san mutane ba. Ka riƙa hita da shi, shi ga kasuwa, shi ga shanu, shi ji ganga. Dubi karen makiyaya, ba shi zuwa wurin kowa, kuma ba abin da ka razana shi."

Malam ya yi dariya ya ce, "Duna? Ko ɓarawo yaz zo, rakiya za shi yi mai."

Ranar sunan mata suka cika gidan maƙwabciya har suka kwararo namu. Mai kalangu ya shigo, wata ta rangaɗa guɗa. Duna bai taɓa jin irin wannan ba. Ya cusa bindi tsakanin ƙafafu yana karkarwa, igiya ta naɗe masa wuya. Na tafi in warware shi.

Ya kama hannuna, ya ƙi saki.

Kafin la'asar maza sun kashe shi da sanduna. Wata tsohuwa ta yanko gashin bindinsa ta ƙona, ta cusa tokar cikin raunin, ta ɗaure da tsumma. Ta ce haka ake yi tun kakanni. Na ma yi mata godiya.

Hannu ya kumbura har gwiwa, ya fara wari, zazzaɓi ya rufe ni. A ɗakin shan magani mafi kusa ba komai sai aidin. Aka ce mu wuce Boɗinga, daga can aka ce mu wuce birni.

Tambayar farko da likita ya yi ita ce, "Ina karen?" Da aka ce an kashe shi sai ya ce, "Da kun bar shi ɗaure an sa masa ido, da mun san ko mahaukaci ne. Yanzu ba wanda zai sani."

Aka fara yi mini allura a gefen cibiya kowace safiya, har cikina ya yi rudu-rudu. A waje ake sayen allurar, ga albashin malamai ya maƙale. Kwanonin jerena suka tafi kasuwa, keken Malam ya bi su.

Amma ba allurar ce ta fi ba ni tsoro ba. Bayan ta, nas takan miƙo mini kofin ruwa ta tsaya tana kallona, don an ce mai haukan kare ruwa yake fara tsoro. Nakan riƙe kofin ina sauraron maƙogwarona. In na haɗiye, na samu yau. Gobe ban sani ba.

Sai yatsu biyu suka yi baƙi. Likita ya ce ko a cire su yanzu, ko nan gaba a cire hannun. Inna, mahaifiyata, ta ce, "Ba a yanke ma ɗiyata yatsu ina raye. Mu tai gida, akwai mai magani can garin Dandin Mahe." Malam ya zauna bakin gado yana kallon ƙasa. Tun ranar cizon bai iya haɗa ido da ni ba.

Haukan bai zo ba, alhamdu lillahi. Amma kada in yi muku ƙarya, ban koma yadda nake ba. Daka ya gagare ni, kitso ya gagare ni, lalle na daina. Har yau in kare ya yi haushi a nesa, sai in shige ɗaki.

Ina gode wa Allah, da Malam da ya yi ta zuwa makaranta a ƙasa bai taɓa yi mini gori ba, da nas ɗin da ban ko san sunanta ba.

In kuna da kare, kada kaɗa bindi ya ruɗe ku. Ku saba masa da taro da ƙara tun yana ƙarami, kuma in ya firgita kada ku kai masa hannu. In ya ciji mutum, a wanke da sabulu da ruwa sosai, a tafi asibiti a ranar. Kada a sa gashi, kada a kashe karen.

Maganar yatsun kuwa, da likita ya dawo zagayen safe, Inna ta riga ta ɗaure kayanmu. Ya tambayi Malam ko a yanke, Malam ya kawar da kai. Sai likitan ya juyo gare ni.

Na ce, "Inna, ki gahwarce ni. Likita, a yanke."