Turakun da Na Zuba a Kanal

Ni na tumɓuke turakun nan. Kwana biyu ana zargin awaki, awakin ba su musa ba, ni ma na bar musu laifin.

A shekarar, birni ya biyo titi yana tahowa wajenmu a guje. Gonar raken da muke satar sha bara, bana an yanka ta fulotai, tifa sai juye yashi take yi. Kullum Baba sai ya tsaya bakin kanal ya kalli bulon, ya waiwayo ya kalli tumatirinsa. Tuwon da yake cin malmala uku ya koma ɗaya, ni ke taimaka masa da sauran.

Wata Laraba masu awo suka zo da jar hula da igiyarsu, suka kafa turaku masu jan fenti a gefen gonarmu. Na san yadda abin yake: yau turke, gobe bulo, jibi wani ya shanya zanensa inda muke shuka albasa. Suna tafiya na bi su ɗaya bayan ɗaya na cire, na watsa a kanal. Na dawo gida ina tafiya kamar wanda ya kori runduna.

Turakun ba su yi nisa ba. Suka je suka toshe kwalbatin da ke kai ruwa gonar kawuna. Shi ya tsamo su, ya kawo ƙofar gida tare da silifas ɗina guda, wanda na bari a taɓo.

A gaban mai unguwa na yi bayani da ƙarfin hali, na ce gonar Baba na ceta. Mai unguwa ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce waɗannan ma'aikatan ruwa ne, shi da manoma suka yi ta zarya kafin su zo. Iyaka suke shatawa: daga turke zuwa kanal ƙasar noma ce, ba mai ɗora bulo.

Baba ya dube ni ya ce, "Wato kai kaɗai ne a garin nan ka yi wa masu fuloti aiki kyauta."

Da masu awon suka dawo, ni na riƙe musu igiya yini guda a rana. Wannan karon siminti suka kafa. Gidajen sun tsaya a tsallaken titi, mu kuma ranin nan albasa muka shuka.