Na Sa Hannu Don Kara, Na Rasa Kotu

Salamu alaikum. Masu cigiyata, ina raye. Shirun ya yi yawa, na sani.

Ina ɗinki a shagon da nake aiki a unguwar Harra ta Gabas, nan ƙasar Larabawa, sai almakashi ya suɓuce mini. Na sunkuya, hannun hagu ya ƙi. A asibiti aka yi hoton kai, likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce.

Da suka sallame ni, ba mai ɗaga ni a ɗakinmu na 'yan aiki. Alhaji Sale, ɗan garinmu da ya girme ni, ya sha yawo har ya samo mini gado a wani gidan jinya.

Aka kawo takardu da Larabci. Ya ce, “Sa hannu, ƙanena, ijra'at ne kawai, tsarinsu ne. Ni ma ban duba ba.”

Na so in ce a karanta mini. Amma mutum ya bar aikinsa dominka, ka ce sai ka bincika abin da ya miƙo maka? Kara ta hana ni. Na sa.

A gidan nan sai in wuni ba a juya ni ba. Ga ciwon suga. Diddigen dama, ƙafata mai lafiya, ya yi gyambo. Na yi magana, suka ce “bukra”, gobe. Da ya fara wari aka mai da ni asibiti. Likita ya duba, ya ce, “Kun makara.” Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Na so in kai gidan jinyar kotu. Lauyan da na samu ya ce cikin takardun da na sa wa hannu na yarda ba zan je kotu ba, sai gaban mai sasanci da gidan ya zaɓa. Na je a keken guragu. Mai sasancin ya tambaye ni, “An tilasta maka?”

Na ce a'a. Gaskiyar ke nan. Ya rufe fayil.

Yanzu bakina da ya karkace ya saki, hannun ma yana motsi. Wai na warke. Ba aiki, iƙama, takardar izinin zamana, ta kusa ƙarewa.

Na gode wa Allah, na gode wa masu kawo mini abinci. Alhaji Sale, ban riƙe ka ba.

Ku kuwa, in an miƙo takarda, ku ce a karanta muku da Hausa. Ku tambaya, “In kun cuce ni, ina zan kai ƙara?” Ko a gaban wa ne, ku tambaya. Ni yanzu ba ni da inda zan kai.