Tsingaro Daga Kufan Wasu

Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara, kowa ya tashi neman asalinsa. Wani abokina ya goya ni a babur daga Kaura Namoda har bayan Birnin Tsaba, ya nuna mini kufan kakanninsa: guntun ganuwa, ramukan marina da suka cike, da wata tsohuwar kuka. Yana taka wurin kamar tsakar gidansu.

Ni kuwa aikin jirgin ƙasa ya kawo mahaifina Kaura, ko rusasshen bango ba mu da shi da zan nuna. Ƙyashi ya turnuƙe ni. Na faki idonsa na jefa wani tsingaro a aljihu.

Ashe ya gani. Ya ce, "Ƙara mana, aboki, muna da su da yawa."