Jirgin Baba da Ya Bi ta Saman Soraye

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Bukar kafinta, kuma har yau in na gaya wa baƙo cewa jirgin ruwa ya taɓa wucewa ta saman gidajen unguwarmu a Dala, kallon mai taɓin hankali yake yi mini. Ba na ganin laifinsa. Ni da na gani da idona ma, har gobe mamaki nake yi.

Asalinmu mutanen Barno ne. Daga bakin Tafkin Chadi kakana ya zo Kano, ya gina zaurenmu da hannunsa, ya raini Baba da labarin jirage masu tafiya da iska: a ɗaga ƙyalle a doguwar sanda, iska ta cika shi, ba inji, ba wahalar tuƙi. Shi kuwa Baba ɗan birni ne, ruwan da ya sani bai wuce kududdufi ba. Sai da ya fara furfura ya je aikin ƙofofi wajen madatsar ruwan Tiga, ya ga wani tsohon jirgi irin wannan a kife a bakin ruwa, gara ta cinye cikinsa. Masu shi suka ce ya ɗauka, ya rage musu shara. Ya wargaza shi, aka shigo da shi lungunmu guntu-guntu a amalanke.

Mahaifiyata, Iya, ta dubi tarin ta ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Itacen girki ka samo mana?"

Baba kuwa ya kama aiki. Shekaru ya yi a kan jirgin nan a tsakar gida, kullum bayan la'asar. Ya cire ruɓaɓɓun katakai ya sa na maɗaci. Ƙusoshin da suka yi tsatsa ya sauya su da na tagulla. Ya bi kowace tsaga ya cusa auduga, ya bi ta da kwalta, har tuwonmu ya koma warin kwalta. Maƙwabcinmu Malam Tanko maƙeri ya ƙera masa ƙarfen juya akalar jirgin. Ƙyallen kuwa ni da Iya muka ɗinka, muka yi ta karya allurar keke, Iya tana mita tana ɗinki. Ya kuma ƙara wa jirgin faɗi da mazauni, wai don Iya ta zauna ba ta takura ba.

Ana cikin haka idonsa ya fara mutuwa. Asibiti suka ce ba ya dawowa. Daga baya da tafin hannu yake duba aikinsa, yana shafa katako yana gyaɗa kai. Duk mun san abin da yake tsere da shi: ya ga ƙyallen nan cike da iska kafin duhu ya rufe.

Ranar da aka gama, aka gwada faɗin jirgi, aka gwada ƙofar zaure. Innalillahi! Ko rabinsa ba zai fita ba. Mutumin da bai taɓa yin ƙyauren da ya ƙi shiga gurbinsa ba, ya manta da ƙofar gidansa. 'Yan'uwana suka ce a rushe zaure, daga baya a sake ginawa da bulo. Baba ya ce, "Ta zauren nan aka fitar da babana, ta nan za a fitar da ni. Jirgi ya zauna." Ya faɗa a hankali. Ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba.

Malam Tanko ne ya ɗaga kai ya dubi sama. A lokacin gidajenmu duk soraye ne na azara, a manne da juna har bakin titi. Ya bi gida-gida yana neman izini. Wata Asabar da hantsi sai muka ji kiran da magina ke yi in za su hau rufi, don mata su kauce: "Salamu alaikum masu gida, za a hau sama!" Kiran ya yi ta tafiya daga wannan gida zuwa wancan. Mata kuwa aka ce su kauce, suka kauce zuwa bakin taga.

Majiya ƙarfin unguwa suka ɗaura igiyoyi, suka ja jirgin ya hau katanga. Na ga cikinsa baƙi wuluk ya tare mana rana, ya bi ta saman ɗakin Iya, wannan soro ya miƙa wa wancan, ana salati, ana "a hankali, azara!" Tsofaffi suka fito suna Allahu akbar. Baba yana tsaye a tsakar gida, ya ɗaga fuska, yana tambayata, "Falmata, ina ya kai?"

A bakin titi aka sauke jirgin, aka ɗora shi a babbar mota. Da muka isa Tiga, haske da duhu kawai Baba yake bambancewa. Aka ɗaga ƙyalle, iska ta buge shi ya yi ƙara, jirgi ya zabura. Baba ya ce, "Na gan shi. Fari ne." Iya, mai cewa itacen girki, ta riƙe gefen mazauninta tana kuka.

Yau in na shiga lungun, soraye sun koma kwano, katangu sun yi tsawo, an kafa musu kwalabe. Kyanwa ma sai ta yi dabara take tsallakawa. Nakan ce da Baba zai dawo, me zai ce? Na san ba zai zagi zamani ba, ba halinsa ba ne. Zai dai tambaya ko har yanzu akwai gidan da za a ce masa "za a hau sama" ya amsa da "bismillah". Ni kaina ban san amsar ba.

Jirgin yana wurin wasu masunta, an ce sun sa masa inji. Zaurenmu kuwa yana nan da ƙasarsa. A kan katangar Malam Tanko akwai baƙin zanen kwalta inda jirgin ya goga, 'ya'yansa sun yi yaɓe sun zagaye wurin.

Ranar da Baba ya rasu, mutanen da suka ɗaga jirginsa su ne suka ɗauki makararsa. Ta zaure suka fitar da shi, ko gefen ƙofa bai taɓa ba. Allah ya jiƙan ka, Baba.