Rozenn Kerbrat, wadda ta rufe wa teku ƙofa

Duk wanda ya saba fitowa sayen biredi da sassafe a Kerholen ya san kekenta. Kafin a buɗe shago ta riga ta jingine shi a jikin turke, ta saɓa ƙarfen murɗa ƙofa a kafaɗa, ta kama hanya a kan doguwar jingar lakar da ta raba teku da fangalolin gishirinmu. Ƙofofin ruwa uku ne, daga ta farko zuwa ta ƙarshe tafiyar minti arba'in. A kowace sai Rozenn Kerbrat ta durƙusa, ta shafa katakon da tafin hannu, ta leƙa ƙasa ko ruwa na tsattsafowa ta wani wuri. Idan teku ta yi babbar cika, sau biyu a wata, ita ce ke murɗa ƙofa ruwa ya shigo, ita ce kuma ke rufewa kafin ya janye. Sauran aikin na rana ne da iska da masu gishiri. Shekara talatin da shida ke nan tana wannan tafiya, ko ana ruwa ko ana iska, kuma ranar Juma'ar nan za ta ajiye aiki.

Yawancinmu ba mu taɓa yi mata sannu a kan aikin ba. Shi ya sa na ga ya kamata a rubuta abin da ta yi a shekarar da mai ya zo, tun waɗanda suka gani da idonsu suna raye.

Saura kwana tara Kirsimeti aka faɗa a rediyo cewa wani jirgin dakon mai ya rabe biyu a can tsakiyar teku. Aka ce kada kowa ya tayar da hankalinsa, iska za ta kora man kudu. Rozenn ba ta yi musu da kowa ba, amma ta san iskar da ke dukan fuskarta kowace safiya, kuma a rana ta uku ta ji ta juya, ta fara busowa daga yamma. A rana ta huɗu ta tsinci wani tsuntsun teku a gindin ƙofa ta farko, baƙi ƙirin, fukafukansa sun manne da jikinsa, yana numfashi da ƙyar. Saura kwana uku babbar cika. Yashin bakin teku ana iya kwashe shi da shebur, dutse ana iya wanke shi, amma laka ba ta wankuwa. Idan mai ya shiga lakar fangali ya shiga ke nan, ga shi kuwa gida tamanin ne ke ci daga wannan laka.

Ta hau keke sai gidan Goulven, ƙanin marigayi mijinta, wanda ke da tarakta da shanu. Ta same shi yana shan kofi.

"Goulven, tashi. Ina son duk karan alkamar da ke rumbunka."

"Ko ina kwana babu? To shanuna su kwanta a kan me, a kan gadonki?"

"Su kwanta a kan naka, ai ba su fi ka wari ba. Tashi, iska ta juya."

Goulven ya ce da ya ɗaga kai ya dubi fuskarta, nan take kofin ya fita ransa.

Magajin gari ya buga waya ofishin lardi neman shingen robar da ake tare mai da shi. Aka ce masa duk an kai manyan tashoshin jiragen ruwa, Kerholen ta jira. Rozenn kuwa ta san rufe ƙofa kaɗai ba zai wadatar ba, domin tsohon katako ne, ruwa na bi ta tsakaninsa. Ta tsaya a kan tirelar Goulven ta gaya wa mutane abin da za a yi: a yi shinge a gaban kowace ƙofa, a kafa turaku, a ja ragar waya, a cusa dammunan kara da buhunan ɓawon kawa, sannan a yaɓe ƙofar kanta da laka. Ba wanda ya naɗa ta shugaba. Mutum sittin suka shiga cikin sanyi suka yi kwana uku suna wannan aiki, mata na kawo waina da shayi mai zafi a kan jinga, kowa na aiki yana waiwayen teku.

Ranar cikar, wajen ƙarfe uku na yamma, wari ne ya fara isowa. Sai ga shi nan tafe a kan ruwa, shimfiɗa-shimfiɗa kamar baƙaƙen barguna, wani ya kai faɗin farfajiyar coci. Shingen farko ya lanƙwasa, ya yi ƙara, amma ya riƙe. Mutane suna can suna kallon gefen teku, Rozenn ita kaɗai ta juya musu baya tana kallon gefen fangaloli. A bayan ƙofa ta biyu ta hango wani siririn zare mai ƙyalli yana yawo a kan ruwa.

Ba ta kira kowa ba sai Goulven. Ta ɗaura igiya a ƙugu, ta miƙa masa bakin, ta sauka cikin ruwan Disamba har ƙirji tana lalube da hannu tana neman ramin.

"Fito, mahaukaciya! Ruwan nan kashe ki zai yi!"

"Miƙo laka ka bar surutu!"

"Me zan gaya wa yayana idan na same shi a can?"

"Ka ce masa ƙofarsa ce ta ruɓe. Miƙo!"

Mijinta ne ya sa katakon shekaru da yawa kafin nan. Fiye da rabin awa tana cusa laka da kara, yatsunta ba sa jin komai, har zaren ya yanke. Da aka jawo ta leɓunanta sun yi shuɗi, ba ta iya tsayuwa. Man da ya riga ya shiga bai cika bokiti ba, aka tsane shi da kara. Ita kuma ta yi kwana goma sha biyu a asibiti da ciwon ƙirji, kuma har yau fatar hannunta na tsagewa da zarar sanyi ya shigo.

Rozenn, ke ce kika juya baya ranar da kowa ke kallon gaba. Da ba ki juya ba, da yau babu abin da za mu rubuta.

Wannan labarin kowa na son ba da shi a wurin shan giyar tuffa. Wanda ba a son tunawa shi ne na watan Afrilu.

Zuwa lokacin sojoji da 'yan sa-kai sun kwashe yashi, sun wanke duwatsu, kuma takarda ta zo cewa an gwada ruwa an same shi da tsabta. Masu gishiri suka ce to a buɗe, domin idan ruwa bai shiga a Afrilu ba, babu gishiri a wannan shekara. Amma tun fitowarta daga asibiti Rozenn ta yayyaga fararen zannuwan gadonta, tana ɗaure tsumma ɗaya-ɗaya a ƙasan turke a bakin ƙofa. Idan teku na kwance, tsumma ya fito fari. Idan ta yi hauka kwana ɗaya, ya fito da ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa. Rabin jirgin yana nan kwance a ƙarƙashin teku. Abinci ya daina shiga mata. Takan riƙe tsumma a gaban taga ta daɗe tana dubawa, tana tambayar kanta ko mai ne, ko tsatsa ce, ko kuwa tsoro ne kawai ya kama ta.

Aka kira taro ranar Asabar da safe a zauren gari. Tangi Morvan, wanda bai fi shekara biyu da karɓar fangalolin mahaifinsa ba, matarsa kuma na da tsohon ciki, shi ya fara miƙewa.

"Madam Kerbrat, ke albashinki na zuwa ko an yi gishiri ko ba a yi ba. Mu fa? Tsummanki 'ya'yana za su ci?"

"Gaskiyarka, Tangi."

"To buɗe mana! Masana sun ce ruwa ya yi kyau. Kin fi su sani ne?"

"Ban fi su ba. Sun ɗebi ruwan sama ranar da teku ke kwance. Ƙofa kuwa ta ƙasa take sha."

Ta buɗe jaka ta jera tsummoki ashirin da uku a kan tebur, kowanne da ranarsa a rubuce. Wani daga bayan zauren ya ce an zo taro ne ba shanya ba, aka yi 'yar dariya, ba a daɗe ba dariyar ta mutu. Rozenn ta ɗora ƙarfen murɗa ƙofa kusa da tsummokin.

"Ban ce na tabbata ba," in ji ta. "Tsoro nake ji. Idan kun ɗaga hannu a buɗe, ga ƙarfe nan, wani ya murɗa, ba zan tare shi ba. Ni dai hannuna ba zai yi ba."

Aka ɗaga hannu. Arba'in da ɗaya suka ce a bari a rufe, talatin da bakwai suka ce a buɗe. Tangi ya fita bai rufe ƙofar zauren ba.

Sai kuma aka yi bazarar da tsofaffi suka ce rabonsu da irinta an daɗe: rana ƙwal, iska busasshiya, irin yanayin da gishiri ke tashi kamar ana zuba shi. Fangaloli kuwa na nan wayam, lakar wasu har ta fara tsagewa don rashin ruwa. Mutanen da ta yi makaranta tare da su suka daina gaishe ta. Idan ta shiga gidan biredi hira ta tsaya. Sau ɗaya ta dawo daga jinga ta tarar an farke mata tayoyin keke, ta tura shi gida ba ta gaya wa kowa ba. Kowace safiya ta buɗe taga sai ta ga sama garau. Wata rana Goulven ya same ta zaune a gaban abinci.

"Goulven, idan kuskure na yi fa?"

"To kin yi. Sai mu ci dankali har baɗi."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ci abincinki, kin zama kamar turken shinge."

A tsakiyar Agusta aka yi guguwa ta kwana biyu. Da ta lafa, aka tarar da curin baƙin mai kamar dunƙulen hannu sun taru a jikin shingaye uku ɗin, har sai da babbar mota ta yi sawu uku. Wasu suka zo har gida suka ba ta hannu. Wasu har yau suna cewa ai da an buɗe a Afrilu, da an kwashi gishirin wata uku kafin guguwar. Idan aka tambaye ta, cewa take yi ba wanda zai taɓa sani, har da ita. Tangi bai ga curin man ba. Tun watan Yuni ya kwashe iyalinsa ya tafi aiki a masana'antar ƙera jiragen ruwa, kuma bai dawo wa gishiri ba. Gida biyar ne suka tashi a shekarar. Rozenn na iya faɗa maka sunayensu da na 'ya'yansu, kuma ba ta taɓa cewa ba ruwanta da tashinsu ba.

Sai a watan Maris na shekara mai zuwa, bayan tsummoki sun yi mako bakwai suna fitowa farare, ta sa ƙarfe a ƙofa ta farko. Rabin gari na kan jinga.

"Ko in murɗa miki?" in ji Goulven.

"Taɓa ka gani."

Ruwa ya shiga. Ta bi shi da ƙafa har fangali na ƙarshe, idonta a kan fuskar ruwan. Gishirin farko ya tashi a watan Yuni, aka kai gwaji, ya fito da tsabta. Shi muke barbaɗawa a abinci har yau.

Rozenn, uwar ƙofa, shiga ruwan sanyi jarumta ce, amma ta yini ɗaya ce, kuma an tafa miki. Abin da ya fi shi nauyi shi ne wata goma sha ɗaya da kika yi kina wucewa ta gaban mutanen da kike ƙauna suna kau da kai, ke kanki ba ki da tabbacin kina kan daidai. Kin faɗi abin da kika gani, kin faɗi iyakar saninki, kin bar wa jama'a zaɓi. Mun gode. Waɗanda suka ɗaga hannu tare da ke sun gode, mu da muka ɗaga a kanki ma mun gode, ko da mun makara. Ni ina cikin talatin da bakwai ɗin nan.

Ga matasanmu kuma, ga magana. Jiragen mai ba su daina wucewa ta gabanmu ba, duk wanda ya hau jinga da rana mai haske zai ƙirga su. Wata biyu ke nan da aka manna takardar neman wanda zai gaje ta a bangon zauren gari, har ruwan sama ya fara cin rubutun, ba wanda ya je ya ba da sunansa. Aikin ba shi da albashin kirki, akwai sanyi, kuma wata rana zai iya sa gari duka ya juya maka baya. Rozenn ta ce duk wanda ya zo, za ta bi shi jinga ta koya masa har sai ya iya, muddin ƙafarta na ɗaukarta. Babbar cika mai zuwa ranar sha tara ga wata ce, ƙarfe huɗu da kwata na yamma.