Karen da Aka Ba Ni Amana a Mardjandafak

Haƙƙin da ya rataya a wuyana a bayyane yake: in tsare kare, in ciyar da shi, in mayar wa mai shi. Mai shi abokin aikina ne a ofis, mutumin kudu. Da harbe-harbe suka tsananta a N'Djamena, ya kwashe iyalinsa zai koma garinsu, direban babbar mota ya ce ko akuya ba zai ɗauka ba, balle kare. Sai abokin nawa ya kawo mini karen da igiya a wuya, na karɓa a gaban shaidu, alhali ban taɓa kiwon kare ba, maiɗakina kuma ta tabbatar mini ba a kanta za a fara ba.

Ba a jima ba gashinsa ya soma zuba, daga kewayen idanu, har ya zama kamar mai sanye da tabarau, sannan ƙafafun gaba, sannan gadon baya. Na sami wani likitan dabbobi da bai gudu ba tukuna. Ya ce wata irin ƙazuwa ce: ƙananan ƙwari ne da ke zaune a gindin gashin kowane kare, ba sa yawa sai yunwa ko firgici sun raunana shi, kuma ba sa kama mutum. Tunda an wasashe kantin magani, abin da ya rage shi ne wanka, abinci mai kyau, da haƙuri. Wanka da haƙuri ina da su.

Maƙwabcina, wani Alhaji dillalin raƙuma, bai gamsu ba.

"Malam, wannan abin naka kare ne ko salka?"

"Amana ce, Alhaji."

"To amanarka tana tsayawa a gaban mahauta, masu sayen nama suna juyawa. Bari in shafa masa gudran. Raƙumi ma yana warkewa, balle wannan."

Gudran ita ce baƙar kwaltar da suke shafa wa raƙuma masu ƙazuwa. Na hana, da baki, a fili, sau da yawa. Ranar da aka sami lafawar wuta na fita neman gero, Alhaji ya shiga gidana da goran kwalta, ya shafe karen daga hanci har wutsiya, kamar yadda ake yi wa raƙumi. Zafi ya sa dabbar ta tsinke igiya, ta goga jikinta a bangona, a tabarmata, da kuma farar babbar rigar Alhaji da ke kan shanya, abin da ban yi baƙin ciki da shi ba. Daga nan ta yi hanyar unguwar Bololo, inda mayaƙa suka kafa shinge.

Harbe-harbe suka dawo, ban iya bin sawu ba sai da aka daɗe. Da na isa shingen, na sami karen kwance a ƙarƙashin motarsu, ya yi ƙiba, gashi ya fito luf-luf, har da laya a wuya. Sun wanke shi da sabulu, suna ciyar da shi naman da suke karɓa a hannun mahautanmu.

Babbansu, wani saurayi mai rawani, ya saurare ni da ladabi.

"Abba, yaya kamannin karen naka?"

Ni ba na ƙarya. Na ce, "Lokacin da ya bar hannuna ba shi da gashi."

"To wannan yana da gashi."

Na soma yi masa bayanin ƙwarin nan da tasirin abinci mai kyau. Ya mayar da bindigarsa daga wannan kafaɗa zuwa waccan, na taƙaita. Ya ce in kira shi, in ya biyo ni nawa ne. Na kira. Karen ya buɗe ido ɗaya, ya dube ni, ya dubi ƙashin da ke gabansa, ya rufe. Da suka bar birnin, da shi suka tafi, yana zaune a gaban mota.

Bayan ƙura ta kwanta mai shi ya dawo, na zayyana masa komai. Ya ce, "Ba komai, Malam," da irin muryar da ake yi wa wanda aka daina yarda da shi.

Saboda haka ina roƙon dattawan unguwar Mardjandafak, cikin girmamawa, su zauna su binciki wannan lamari, su kira Alhaji ya faɗi da izinin wa ya shiga gidana, sannan su shaida wa mai karen, a gabana, cewa ba sakacina ne ya raba shi da dabbarsa ba.