Nerissa da Kyamarar Kamfani

Nerissa Tabanao maƙwabciyata ce a nan birnin Cebu, katako kawai ya raba ɗakunanmu. 'Yar masunci ce daga tsibirin Bantayan. Da busasshen kifin ubanta aka yi mata karatu har Turanci ya zauna a bakinta. Yanzu daga ɗakinta take amsa wayar mutanen Ostareliya masu ƙorafin intanet.

Kamfanin ya ba ta kwamfuta mai kyamara, kuma fuskarta kaɗai aka yarda a gani. In wata fuskar ta gifta, sai na'ura ta ɗauki hoto ta tura wa shugabanta, Jomar. Wai kada a saci bayanan mutane. To, a ɗakin da gado ɗaya ya cinye rabinsa, ina mutum zai kai ubansa, don Allah?

Tatay Doming, wato Baba Doming a harshenmu, mahaifin nata, a wurinta yake. Tsufa ya taɓa masa tunani, ya daɗe rabonsa da ya gane ta. Ta rataya zani ta raba ɗakin, takan kunna masa rediyo ƙasa-ƙasa, amma yana leƙowa. Ina jin muryar Jomar a waya ta cikin katako yana cewa, "Nerissa, ni ba ruwana, har wurin manya hoton ke zuwa. In ya sake fitowa, ki naɗe kwamfutar ki kawo." Aikin nan kuwa shi ne shinkafarsu, shi ne maganin tsohon.

Wata rana da hantsi na kawo musu soyayyar ayaba. Ina tsaye a taga, tana kan waya, sai zanin ya motsa.

"Inday Nerissa," in ji tsohon, murya garau, da kiran lelen da muke yi wa 'ya mace. "Yaushe kika zo? Kin rame, 'yata."

Na ga kafaɗunta sun ƙage. Ya miƙo hannu don ta ɗora a goshinta, yadda muke gaida iyaye, yana jan ƙafa yana matsowa. Kaɗan ya rage ya shiga hoton. Ni kuma ba damar in yi kira, har sauti suke ɗauka.

Ba ta juyo ba. "Na fahimci damuwarka, yallaɓai," take ce wa Baturen da murmushi, ta miƙa ƙafa ta gefen kujera ta tokare gwiwar ubanta. Ya tsaya cak, hannu a miƙe, yana jira. Baturen nan kuwa kamar an kunna famfo. Ban taɓa tsanar mutumin da ban gani ba irin ranar.

Wayar na ƙarewa ta danna hutu, ta cire abin kunne, ta durƙusa ta kamo hannun.

"Tay, ga ni. Ni ce."

Ya zare hannunsa a hankali, cikin ladabi.

"Yi haƙuri, baiwar Allah, 'yata nake jira. Yanzu na gan ta a nan, aiki take yi."